Ranar da Aka Ce In Yi wa Jirgin Ƙasa Kuɗi

Dillanci gadonsa na yi. Mahaifina dillalin jakuna ne a kasuwar Bebeji, ni kuwa da na tasa sai na faɗaɗa sana'ar, na haɗa da awaki da riguna da tasoshi, har da keke in Allah ya kawo. A shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, ina da kamar shekara talatin da biyar, an san ni tun daga Ƙofa har Kiru. In na ɗaga leɓen jaki na dubi haƙoransa na yanka kuɗi, mai saye ya yi tsaki, mai sayarwa ma ya yi tsaki, to na san na faɗi daidai. Saboda haka duk lokacin da aka yi rasuwa a garin, malamin da yake raba mana gado yakan aiko a kira ni. Ni in yi wa kayan mamaci kuɗi, shi ya fitar wa kowa da rabonsa.

A unguwarmu akwai wani tsoho da ba a kiransa da komai sai Kuku. Ya yi shekara ashirin da wani abu yana dafa wa wani Baturen haƙar kuza abinci a Riruwai, can cikin duwatsu bayan Doguwa. Da Baturen ya tsufa ya koma ƙasarsu, Kuku ya tattaro matarsa ya dawo gida. Mutum ne shiru-shiru, ba ya shiga sabgar kowa. Abin da kawai ake tsegumi a kansa shi ne da cokali yake cin tuwo. Ya rasu da kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: babban manomi ne a Kiru, mai bi masa tela ne a Tudun Wada, sai auta mace da ke aure a Doguwa.

Bayan sadakar arba'in muka taru a soron gidan, ni da Malam da 'ya'yan maza biyu da mijin auta. Aka fito da kaya. Gona na san ta, gida ga shi muna ciki, jaki tsoho ne mai gyambo a baya, sai awaki biyu, tukwanen ƙarfe, cokula goma sha ɗaya da wata farar riga mai maɓallan tagulla. Kafin rana ta take na gama da su duka. Har na miƙe ina kakkaɓe riga, sai matar marigayin, wadda duk unguwa muke kira Inna, ta yi magana daga bayan asabari, da yake tana cikin takaba.

"Saura jirgi."

Malam ya ce, "Wane jirgi kuma, baiwar Allah? Na ba awaki ruwa?"

"Jirgin ƙasa, Allah ya gafarta Malam."

Muka dubi juna. Babban ɗan ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, tun ranar da aka yi rasuwar nan Inna ba ta cin abinci sosai. Sai muka ji ana jan wani abu a ƙasa, ƙiiii, ta turo wani akwatin ƙarfe ta ƙarƙashin asabarin. A cikinsa akwai wani kwali mai zane, a cikin kwalin kuma, an naɗe kowane abu da tsumma, akwai jirgin ƙasa. Kan jirgi baƙi da jan layi, tsawonsa bai wuce tafin hannuna da kaɗan ba. Taragu uku masu 'yan tagogi. Guntayen ƙarfen dogo goma sha biyu, duk a lanƙwashe. Wani ɗan gida mai rufin kwano, tasha ke nan. Sai wani ɗan mutum na darma, tsawon ɗan yatsa, yana riƙe da tuta.

Babu wanda ya san yadda ake haɗawa. Tela ya gwada, ya samu dogon ya yi masa kamar maciji. Daga baya Malam ya ce ai larura ce, kuma tsohuwa ce, ta fito. Inna ta fito lulluɓe da mayafi, ta durƙusa a kan daɓe, ta harhaɗa guntayen nan ɗaya bayan ɗaya ba ta ko dubawa, suka zama da'ira kamar bakin masaki. Ta ɗora kan jirgin, ta maƙala taragu, ta tsayar da ɗan mutumin a gaban tasha. Sannan ta zaro wani ɗan makulli daga igiyar wuyanta, ta soka a gefen kan jirgin, ta murɗa kamar mai wana agogo. Ta ce, "Ku janye ƙafafunku."

Jirgi ya tashi, cakacakacaka, ya kama zagaye.

Malam ya tattare ƙafafunsa bisa buzu yana a'uziyya. Mijin auta ya tsinci kansa a waje, bai san lokacin da ya fita ba. Ni dai na dake, don dillali ba ya nuna abu ya ba shi mamaki. Jirgin ya yi zagaye tara, ya rage gudu, ya tsaya. Can Malam ya gyara murya ya ce, ba a hukunci a kan abin da ba a fahimta ba, a sake murɗawa. Sau huɗu aka sake kafin ya fahimta.

Inna ta ba mu labarinsa. Ranar da Baturen zai tafi ya kira Kuku ya ba shi, yana hawaye. Ya ce mahaifinsa ne ya saya masa tun yana yaro, tun kafin a kawo dogo Kano, shi kuma Allah bai ba shi haihuwa ba. Tun daga lokacin, duk Juma'a in Kuku ya dawo daga masallaci, sai ya rufe ɗaki, ya haɗa jirgin, su zauna su biyu suna kallo har la'asar. 'Ya'yan ba su taɓa sani ba. Tela ya ce, "Ashe shi ne ƙarar da nake ji in na zo gaisuwa, Baba ya ce ɓeraye ne."

Malam ya juyo gare ni. "To, dillali, bismilla."

Na ɗauki kan jirgin na juya shi. Allah ya sani, sai da na tsinci kaina ina neman inda zan ɗaga in ga haƙora. Na ƙwanƙwasa shi, na sansana, na jinjina nauyinsa. Ban taɓa sayar da irinsa ba, ban taɓa ganin wanda ya saya ba. Amma idanu suna kaina, sai na ce, "Sule uku."

Babban ɗan ya ce da sauri, "Ya yi yawa ma. Tsohon abu ne, fentinsa duk ya goge. A sa shi sule biyu, ni in ɗauka cikin rabona don in rage muku wahala."

Tela ya dube shi ya ce, "Yaya, tun yaushe ka fara rage wa mutane wahala? Ni a wurina fam goma ne."

Inna ta ce Baturen ya gaya wa Kuku cewa a ƙasarsu irin wannan abu tsufansa shi ne darajarsa. Nan gardama ta ɓarke. Babban ya ce in haka ne, jakin nan mai gyambo ya fi ingarma tsada ke nan. Tela ya ce to ai tsohon takobi da tsohon murjani sun fi sababbi. Suka juyo gare ni wai in faɗa musu, jirgin ƙasa dangin jaki ne ko dangin murjani. Na ce in an dubi tafiyarsa jaki ne, in an dubi zamansa a akwati murjani ne. Malam ya ce wannan ba amsa ba ce, a kirawo maƙeri.

Maƙeri ya zo da baƙin hannunsa, ya karta gefen tarago da farce, ya ce gwangwani ne. In an ba shi duka zai fitar da fitilar a-ci-bal-bal uku, ƙafafun kuma a yi wa yara 'yan kunne. Ya taya shi nai, wato kwabo tara. Inna ta fizge taragon daga hannunsa, ta ce Allah ya kiyashe ta da ganin wannan rana.

Sai Malam ya kawo tasa dabarar. Ya ce abin hawa da abin ɗaukar kaya, amfaninsa ake dubawa. A gwada a ga me yake ɗauka. Aka kawo gyaɗa mai ɓawo, aka jera a kan taragu. Da guda goma sha ɗaya jirgi ya tafi lafiya. Da aka sa ta goma sha biyu ya yi nishi ya tsaya. Mijin auta, wanda ya dawo ya raɓe a bakin ƙofa, ya yi tambaya, ya ce, to gyaɗar nan goma sha ɗaya ina ya kai ta? Muka duba, tana nan inda aka ɗora ta, gaban ɗan mutum mai tuta. Malam ya shafa gemu, ya ce lalle a littattafan da ya karanta ba a yi maganar abin hawan da ke sauke kaya a inda ya ɗauka ba.

Ni ne na jawo wa kaina sauran wahalar. Don in tsira da mutuncina, na ce kowace sana'a da masu ita, a kai wa mutanen jirgi su faɗa. Tashar da ta fi kusa da mu ita ce ta Dangora, a ƙasar Kiru. Malam ya ce madalla, gobe in ɗauka in kai. Babban ya ce zai bi ni. Tela ya ce in Yaya zai je, shi ma ƙafarsa ƙafarmu. Inna ba ta ba ni makullin ba sai da na rantse zan dawo mata da shi hannu da hannu.

Muka yi sammako, akwati a kan jakin marigayi, mu uku a ƙasa. A hanya duk wanda ya tambaye mu me muka ɗauko, sai tela ya ce jirgin ƙasa za mu kai tasha. Wani tsoho a bakin wata rijiya ya dube mu, ya dubi jakin, ya ce Allah ya ba mu lafiya.

Mun isa da azahar. Shugaban tashar, wanda ake ce wa Masta, mutumin kudu ne, ƙato, da farin gajeren wando da doguwar safa, Hausarsa irin ta bariki. Da farko ya ce ba shi da lokaci, jirgin kaya yana hanya. Da na buɗe kwalin ya leƙa, sai ya yi wata ƙara, ya kira duk ma'aikatansa. Ya share teburinsa, ya zubar da takardu gefe, ya haɗa dogon da kansa. Mutumin nan da jirage na gaske ke wucewa ta gabansa kullum, ya durƙusa ya kafa haɓa a bakin tebur yana kallon na gwangwani, in ya zo wucewa ta gaban ɗan tashar sai ya hura usur. Mun fi sa'a guda a tsaye.

Da na samu ya ɗago, na ce, "Ranka ya daɗe, kuɗinsa muka zo tambaya."

Ya ce wannan abu mai sauƙi ne, lissafi ne kawai. Daidai lokacin jirgin kayan ya iso ya tsaya shan ruwa. Masta ya fita da mu, ya auna tsawon kan jirgin na gaske da taku, ya dawo ya auna namu da rula. Ya faɗi kuɗin da ya ji an ce ana sayen babban, wani adadi da ban taɓa jin an ambata ba ko a tatsuniya. Ya ɗauki fensir ya yi ta rabawa, yana lasar bakin fensirin. Can ya ja layi biyu ya ce, "Fam ɗari biyu. Kai kawai, ban da tarago."

Babban ɗan ya zauna a ƙasa. Tela ya cire hula ya rasa inda zai sa ta. A lokacin, da fam ɗari biyu sai ka sayi unguwarmu da awakinta.

Amma akwai wani siririn akawu mai auna kaya a tashar, ya ce, "Masta, ai mu nan da nauyi muke aiki, ba da tsawo ba." Masta ya ce gaskiya ne. Aka ɗora kan jirgin a babban sikelin da ake auna buhunan gyaɗa, allura ba ta ko motsa ba. Aka nemo ƙaramin sikeli na wasiƙu, aka auna. Masta ya sake lasar fensir, ya yi ta rabawa, wannan karon ya daɗe. Ya ja layi biyu ya ce, "Sule da sisi."

Na ce, "To ranka ya daɗe, wanne za mu ɗauka?"

Ya ce duka biyun daidai ne, don lissafi ba ya ƙarya. Ya rubuta mana su a takarda ɗaya, ya buga hatimi, ya roƙi a bar shi ya ƙara murɗawa sau ɗaya kafin mu tafi.

Kafin mu dawo gida washegari, labari ya riga mu. Sule da sisin nan a hanya ya faɗi, ba wanda ya tsince shi. Fam ɗari biyu ne ya shiga gari, kuma kafin Juma'a ya zama ɗari biyar. Maroƙa suka fara tare babban ɗan a bakin masallaci suna kirari, ɗan mai jirgi jikan mai jirgi, shi kuma ya ari babbar riga yana ɗaga musu hannu. Wasu dangi da ba su zo ta'aziyya ba suka tuna ashe ba su yi gaisuwa ba. Wani dattijo mai mata uku ya fara aiko wa Inna da goro kullum, wai sadaka ce kawai, ba ya nufin komai sai takaba ta ƙare. Ni kuma duk inda na zauna a kasuwa sai an tambaye ni, wai da gaske ne jirgin yana shan ruwa.

Malam ya ce tunda lissafi ya ba da amsa biyu, a bar kasuwa ta yi alƙalanci. Ranar kasuwa na shimfiɗa faifan katako a gindin tsamiyar da nake zama, na haɗa jirgi. Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Masu hatsi suka bar buhunansu, mahauta suka zo da wuƙaƙe a hannu, mata masu nono suka sauke ƙore suka tsaya daga baya suna leƙe. Na murɗa makulli har ɗan yatsana ya yi kanta. In na ce, "To, wa ya taya?" sai wani ya ce, "Ƙara murɗawa mu gani tukuna."

Wani bafulatani ya taya ɗan mutum mai tuta shi kaɗai da zakara, wai ya ga alamar ba ya barci, zai kafa shi a bakin garke. Wani attajirin gyaɗa ya taya fam biyu, amma da sharaɗin a miƙar da dogon ya tashi daga soronsa zuwa ɗakin uwargidansa, ya riƙa kai mata goro. Da na ce masa guntayen duk a lanƙwashe suke, ya ce shi ba ya sayen abin da ba ya jin magana.

Wajen la'asar wani Kwara, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, mai sayen gyaɗa, ya zo wucewa da motarsa, ya ga taro ya tsaya. Ya tsuguna ya juya kan jirgin, ya karanta wani rubutu da ke ƙarƙashinsa, ya ce yana da ɗa ƙarami a Kano, ya saya fam biyar. Na yi hamdala a zuci. Fam biyar kuɗin jaki biyu ne masu ƙarfi. Na juya in ce wa magada su sallama, sai na ga sun haɗa kai suna raɗa, karo na farko ke nan da na ga bakinsu ya zo ɗaya. Babban ya ce, "In Kwara ya taya abu fam biyar, to na hamsin ne. Albarka." Mutumin ya ƙara fam ɗaya. Tela ya ce, "Ka gani ko, Yaya? Ya san abin da ya gani. Albarka." Kwara ya ɗaga kafaɗa, ya shiga motarsa ya tafi. Muka jira ya dawo har aka kira magariba. Bai dawo ba, ba a kuma sake samun wanda ya taya ko da taro, wato kwabo uku, ba.

Aka shiga wata na biyu gado bai rabu ba. Mijin auta ya yi zuwa uku daga Doguwa, ta cikin dajin nan mai birai, ya ce in ya sake zuwa na huɗu to da kayan matarsa zai zo ya ajiye mana. Malam ya gaji. Ya tara mu ya ce, abin da ya ƙi sayuwa kuma ya ƙi ƙimantuwa, a raba shi da kansa. Mata tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas. Abin da ya rage a kasa biyar, maza bibbiyu, mace ɗaya. Ya ce, "Dillali, ba na tambayarka kuɗinsa kuma. Gaya mini kawai, wane yanki ne tumunin jirgin ƙasa?"

Kafin in buɗe baki Inna ta ce daga bayan asabari, ita a bar mata makullinta da ɗan mutuminta, ta yafe sauran. Na yi maza na ce wallahi daidai tumuni ke nan, ko ƙwayar gero bai ƙaru ba. Babban ya ɗauki kan jirgi, yana murmushi, don a ganinsa ya kwashi fam ɗari biyu. Tela ya ɗauki taragu uku da guntayen dogo biyar. Auta ta samu guntaye bakwai da ɗan tasha. Akwatin ƙarfen aka ba Malam ya zuba littattafai. Da aka zo kan ladan wahalata, kwana biyu a hanya da yini guda a kasuwa, sai aka duba aka ga ba abin da ya rage sai kwalin. Aka ba ni, aka yi fatiha.

Babban ya tafi Kiru da kan jirginsa, ya tara maƙwabta zai nuna musu, sai a lokacin ya tuna ba makulli. Ya dawo wurin maƙerin nan ya ce ya ƙera masa. Maƙeri ya duba ramin ya ce aiki ne mai wuya, sule guda. Babban ya ce, "Kai da ka taya jirgin duka nai, yanzu makullinsa kaɗai sule?" Maƙeri ya ce wancan saye ne, wannan sayarwa. Suka rabu baram-baram. Tela ya jera taragunsa a gefen keken ɗinki, ɗaya allurai, ɗaya maɓallai, ɗaya alli. Auta ta kafa ɗan tashar a saman jerenta, tsakanin tasoshi, mata suna zuwa kallo. Dattijo mai goro da ya ji abin da Inna ta samu, sai sadakarsa ta tsaya.

Da Babbar Salla ta zagayo, Inna ta riga ta fita takaba, ta aika wa 'ya'yanta cewa duk wanda zai zo mata yawon salla ya zo da rabonsa, in ba haka ba ya sha zamansa. Suka zo. Ta aiko aka kira ni, wai ni ne shaida. Aka share tsakar gida, jikoki suka kewaye, ta durƙusa tana haɗawa. Da ta zo ƙarshe sai da'ira ta ƙi rufuwa, guntu ɗaya babu. Aka dubi mijin auta. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya amsa cewa ƙyauren akurkinsa ne ya ɓalle, ya ga ƙarfen ya yi daidai.

Inna ta ce ba komai, a haka ma za a yi. Ta murɗa makulli har ƙarshe ta saki. Jirgi ya zagayo, ya iso inda dogo ya yanke, ya dira a kan daɓe bai faɗi ba, ya miƙe sak da taragunsa uku. Ya bi ta tsakanin ƙafafun tela, ya watsa kaji, ya wuce gindin turmi, jikoki suna binsa da ihu, babban ɗan yana gudu da babbar riga yana cewa a tare masa dukiyarsa. Bai tsaya ba sai a ƙarƙashin rumbu, inda ba mai iya shiga. Da muciya aka zaƙulo shi, duk yanar gizo. Inna ta yi dariya har ta kwanta a gefe tana riƙe ciki, tana cewa a sake. Aka sake har sau shida, kowane karo inda yake nufa daban.

Bayan kamar shekara biyu wani ɗan koli daga Kano, irin masu bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin takubba da tandu suna kai wa Turawa, ya ji labari ya neme ni. Na ba shi labarin yadda aka raba. Ya ce tara su ba wuya ba ne, in dai da kuɗi. Sannan ya tambaya, "Kwalinsa fa? Wanda ya zo a ciki, mai zane?"

Na ce yana gidana.

Ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce Turawan da yake hulɗa da su, in abu ba ya cikin kwalinsa na asali rabin kuɗi suke biya, wani lokaci ma kwalin ya fi abin da ke ciki wuyar samu. Muka tafi gida da sauri, ina tafe ina jin yadda zan ba garin nan labarin wanda ya fi kowa rabo a gadon Kuku. Na yi sallama na tambayi mai ɗakina ina kwalin nan. Ta nuna mini bayan murhu. Kazarta ce a ciki, tana kwanci a kan ƙwai tara, karo na huɗu ke nan a cewarta. Murfin kuwa tun bara aka hura wuta da shi da damina. Ɗan koli ya tsuguna yana son ya ga ko zanen gefe ya rage, kazar ta sare shi a hannu. Ya tashi yana tsotsar wurin, ya ce in an ƙyanƙyashe in ajiye masa 'yan tsaki biyu. Na ce taro-taro ne. Ya yi tsaki, mai ɗakina ma ta yi tsaki daga cikin ɗaki, ya biya ya tafi.